Kawu na da basilla, makaranta na da lauje

Wata Laraba cikin sanyin bara 'yata ta shigo gida riƙe da 'yar jakar fata da ba ta fi tafin hannu ba. Ta ajiye a gabana, ta ja gefe tana kallon fuskata. Na ɗauka na jujjuya. Ɗinkin ya karkace a kusurwa ɗaya, ana ganin inda ta warware ta sake, amma zaren ya zauna daram, bakin fatar kuma an goge shi har ya yi sulɓi. Shekararta 12, tana aji biyu na kwaleji, wanda nan Faransa da can gida Kamaru duk sankiyam ake ce masa.

Na ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce wani tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka sirdi da linzami. Sai ta ƙara da cewa, "Baba, ba kai ka ce kawunka baduku ne ba? Ai kai ma ka iya ko?"

Ban iya ba. Rumfar Kawu ba ta kai taku hamsin daga ƙofar gidanmu ba, a ƙauyenmu da ke ƙasar Binuwai, ba nisa da Pitowa. Shekara huɗu ina wuce ta safe da yamma da kayan makaranta a jikina, in gaishe shi daga tsaye, ya amsa kansa na sunkuye a kan fata. Ko sau ɗaya ban zauna na ce ya miƙo mini basilla in gwada ba. Babu wanda ya hana ni. Ni ne nake ganin na wuce wurin, kuma a makaranta na koyi ganin haka.

Inda yarinyar ke zuwa wata ƙungiya ce mai suna L'Outil en Main, wato kayan aiki a hannu. A birnin Troyes tunanin ya samo asali a 1987, yanzu kuwa ta bazu har ƙananan garuruwa irin wanda nake zaune, inda in ka fita bayan gari ba ka ganin komai sai gonaki da shanu. Tsofaffin masu sana'a da suka yi ritaya, kafinta da magini da maƙeri da tela da mai sassaƙa dutse, su ke karɓar yara 'yan shekara 9 zuwa 14, yawanci Laraba da rana tunda ba a karatu, kuma aikin sa kai suke yi. Yaro ya yi 'yan makonni wurin wannan ya koma wurin wancan. Kayan aikin na gaske ne: zarto mai ci, guduma mai nauyi, wuƙa mai kaifi. Babu maki, babu jarrabawa. Abin da ka yi, ka tafi da abinka gida.

Wannan a wajen makaranta ke nan. A cikin kwalejin kanta, daga siziyam (aji ɗaya) har turwaziyam (aji huɗu), kowane mako akwai awa ɗaya ta zane da ƙere-ƙere da awa ɗaya ta kiɗa da waƙa. A turwaziyam kuma kowane ɗalibi sai ya je ya yi kwana biyar a wani wurin aiki yana kallon yadda ake yi, gareji ne, gidan burodi ne, gona ce. Sunayen azuzuwan nan duka irin namu ne, don daga wurinsu muka gaje su, har da jarrabawar BEPC da ke jiran yaro a ƙarshen shekara ta huɗu. Laraba ma a wurinmu rabin yini ce, an ce don ayyukan kulob-kulob.

Mu ma ai muna da darasin aikin hannu. Yana cikin jadawali da sunansa, TM, har maki ake ba shi bisa 20. Duk wanda ya yi CES, wato ƙaramar sakandare, a ƙauye ya san abin da TM ke nufi. Ana komawa makaranta a Satumba, damina ba ta gama ba, ciyawa ta kai ƙugu a farfajiya, sai a ce gobe kowa ya zo da lauje ko fartanya. Mata su zo da tsintsiya. Mu yi nome, mu share, mu ƙone. Ruwa ya ɗauke, a koma kwaɓa ƙasa da yin tubali don a ƙara aji. 'Yan mata su ɗebo ruwa, su share ɗakin malamai, wata rana ma a kawo buhun gyaɗar wani malami a ce a ɓare. Makin kuwa ya danganta da abin da ka kawo: mai tsintsiya biyu ya fi mai ɗaya.

Ban ce duka banza ba ne. Ajin da na zauna a katiriyam (aji uku), mu muka yi tubalinsa, kuma har yau in na tuna ina jin daɗi. Matsalar tana wani wuri. Wanda ya makara da safe, surbeyan, mai kula da ladabtar da ɗalibai, ya miƙa masa lauje. Wanda aka kama yana Hausa ko Fillanci a aji, lauje. Wanda ya yi faɗa, ya je ya haƙa rami ya cike. Kayan darasin da kayan horon abu ɗaya ne, aikin ma ɗaya ne. To yaro ɗan shekara 12 me zai fahimta? Zai fahimci cewa biro na masu hankali ne, aikin hannu kuma na masu laifi ne da daƙiƙai. Babu malamin da ya taɓa rubuta wannan a allo, amma duk mun haddace shi fiye da tarihin da aka ba mu mu kwafa. Ga kuma SAR/SM, makarantar koyon sana'a ta shekara biyu bayan firamare: a bakin mutane, wurin da ake kai wanda ya faɗi jarrabawar shiga siziyam ne. CETIC ma, wato kwalejin koyon fasaha, sai a hankali.

Akwai wani abokina da muka shiga siziyam tare. A lissafin allo, in bai zo na ƙarshe ba to ya zo na kusa da ƙarshe. Amma ka ba shi guntun waya da gwangwanin madara da tsohon silifa, zai ƙera maka motar SODECOTON mai ɗaukar auduga, da tirelarta, da dogon sitiyari wanda in ka murɗa daga tsaye ƙafafun gaba su juya. Ya gano da kansa cewa in ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma motar za ta riƙa ja gefe, don haka kafin ya yanka roba sai ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare, ya zagaya. Da'irar nan fa ita ce ake fama da shi a kanta a aji yana cin 3 bisa 20. Ranar da ya shigo da motar makaranta don mu gani, surbeyan ya ƙwace ya take ta a gaban layi. A katiriyam ya bar karatu. Yau walda yake yi a Garwa, yana da yara masu koyo a ƙarƙashinsa, ƙofofin da yake yi ana zuwa nemansu daga nesa. In mun yi waya har yanzu cewa yake, "Ai ku ne masu ƙwaƙwalwa." Kuma ba ba'a yake yi ba, ya yarda da hakan har zuciyarsa. Wannan maganar ta fi taka motar yi mini ciwo.

Abin da ya sa nake ganin asararmu ta fi ta kowa shi ne, abin da Turawan nan suke tono tsofaffi daga ritaya don kada ya ɓace, mu yana nan da ransa a bakin ƙofar makaranta. Je ka kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka zagaya: maƙera da zugazugansu, masu tukwane da randuna, masu tabarma da faifai, masu ƙwarya da aka yi wa zane da wuta. Je ka Marwa wurin majema ka tsaya kallo. A jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta da kashin tsuntsaye, a jeme ta da bagaruwa, sannan baduku ya ba ta ja da karan dafi, ya ba ta baƙi da kuloko. Kimiyyar sinadarai ce daga farko har ƙarshe, irin wadda muka haddace a turwaziyam ba mu taɓa ganin kwalba ɗaya ba. A Pus, bakin kogin Logon, Musgum suna da ɗakunan nan masu siffar ƙwai da aka gina da laka zalla ba ice ko ɗaya, tuddan da ke jikinsu su ne matakala su ne kuma hanyar ruwa, masana gini na duniya suna zuwa aunawa suna mamaki. A ƙasar Kapsiki ana zubin tagulla da kakin zuma. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai zanen da'irori waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin farin dutse, wurin yana cikin jerin da Kamaru ta miƙa wa UNESCO tun 2006, dutsen kuma irin wanda ake fasawa ne a yi siminti a Figil. Sau nawa na wuce ta wurin a mota ina ɗan makaranta? Sai da na zo Faransa na karanta labarinsa.

Kai, ko a gidajenmu. Mai zayyanar allo da ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya raba allo gida-gida ba ma'auni a hannunsa. Mai ɗinkin hula da ke ƙirga zare. Inna da ke saƙa faifai ta fitar da tauraro a tsakiya ba ta taɓa zana shi a takarda ba. Su duka malaman zane ne, babu dai wanda ya taɓa kiransu haka.

Da na kawo wannan magana a zauren WhatsApp na gidanmu, Yaya ne ya fara taso mini. Shi yana cikin kwamitin iyaye da malamai, APEE, ya san ciki da wajen makarantar. Ya turo murya mai tsawo, ga taƙaicenta: "Kai dai ka daɗe a Turai. Yaron da ya tashi da asuba ya ba dabbobi ruwa, ya fara noma tun yana shekara bakwai, hannunsa duk kanta, shi za ka ce a koya wa aikin hannu? Faransanci yake buƙata da lissafi, ya ci BEPC ya fita daga wahalar nan. Mu da muke haɗa kuɗi da ƙyar mu biya malaman wucin gadi, yara uku huɗu a benci ɗaya, kana mana zancen zane?"

Na saurara sau biyu, don akwai gaskiya a ciki mai yawa. Makarantar da iyaye ke biyan rabin malamanta daga kuɗin auduga da gyaɗa ba ta da rarar da za ta sayi fenti. Yaran da ke tako kilomita da yawa a ƙafa ko a keke, ba su karya ba, a zafin Maris da Afrilu da ke haura 40 a Garwa, ba za ka riƙe su har la'asar don nishaɗi ba. Da yamma kuma ga makarantar allo ko Islamiyya tana jira. Duk na yarda.

Inda muka rabu da Yaya shi ne a kan kantar hannu. Yaran ƙauyenmu sun gaji da aiki, haka ne. Amma aikin da suke yi duka na aike ne: nome kunyar nan, tsinci audugar nan, kai wannan, ɗauko wancan. An riga an yanke yadda za a yi, kai dai ka sa ƙarfi. Abin da na gani a fuskar 'yata ranar nan daban ne. Ita ta zaɓi siffar jakar, ita ta auna, ta yi kuskure, ta gane kuskuren da idonta, ta warware, ta gyara, har abu ya fito wanda jiya babu shi a duniya. Yaron da ya saba da wannan, in ya ci karo da lissafin da ya ƙi fita, ba ya cewa "ni daƙiƙi ne", warwarewa yake ya sake. A ajinmu kuwa kuskure bulala ce ko dariya, shi ya sa muka koyi yin shiru da kwafa. Don haka ni ban ga cewa awa biyu na ƙira ko saƙa za su ci lokacin BEPC ba. Ina ganin ma akwai yaran da su kaɗai ne za su riƙe su a makaranta har su kai ga BEPC ɗin, irin abokina mai motar waya.

Sai dai kafin in cika baki, bari in faɗi tawa wautar. Shekarun baya na cika kwali da fenti da buroshi da fensir masu launi da takardun zane, na biya kuɗin jirgi da ya fi kuɗin kayan, na aika wa tsohuwar makarantarmu. Aka ɗauki hoto da kwalin aka turo mini, na ji ni wani ne. Da na je gida bayan shekara biyu na tarar da shi a kabad ɗin ofis a kulle, fentin ya bushe ya zama dutse. Ban ga laifin darakta ba. Babu malamin zane, kayan ba za su ishi aji ɗaya ba, in ya raba wa wasu ya hana wasu rigima ce, in sun ƙare kuma ba inda za a sayi wasu. Ya adana amana ne yadda ya iya. Mu mazauna waje wannan ce cutarmu: mun fi son abin da ake sakawa a kwali a ɗauki hoto. Irinta ce ta masu zuwa da farar mota su yi bita ta kwana uku, a raba riguna, a rataya ƙyalle mai tambari, su tafi. Bayan mako guda ba abin da ya rage sai rigunan.

Kuma kada wani ya ɗauka Faransa aljanna ce a wannan fanni. Nan ma ana raina aikin hannu. Ɗalibin da aka tura makarantar koyon sana'a bayan turwaziyam, iyayensa da yawa ji suke kamar an yi musu rasuwa. Na ga yara 'yan shekara 13 da ba su iya ƙulla igiya ba, ba su taɓa fere dankali ba, yatsunsu sun san waya ne kawai. Ɗan ƙauyenmu mai shekara 8 ya fi su sanin wuƙa nesa ba kusa ba. Dalilin ma da ya sa aka kafa irin ƙungiyar nan shi ne sana'o'in sun fara mutuwa, an wayi gari ana neman mai gyaran rufin tsohon gini ana rasawa. Tsohon da ya koya wa 'yata ya wuce saba'in, kuma ya ce da ita ba shi da magaji. Hanyar da suka bi ita muke bi, da gudu ma. Bokitin roba ya kori tulu, silifan kanti ya kori takalmin fata, tabarmar leda ta kori ta kaba. Kawu da a da yake ɗinka sirdi da jakunkuna da kube na wuƙa, yanzu rabin aikinsa ɗinkin laya ne da gyaran takalmin da ya tsinke. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya acaɓa, ɗaya yana Duwala.

Akwai kuma wata magana da ba mu cika son faɗa a fili ba. A wurinmu sana'a gado ce, gadon kuma yana da daraja hawa-hawa. Mun san yadda ake yi wa ɗan mahauci ko ɗan makaɗi ko ɗan majemi in ya je neman aure wasu gidajen. A wurin maƙwabtanmu na tsaunukan Mandara, Mafa da Kapsiki, maƙera dangi ne daban da ke aure a tsakaninsu, matansu kuma su ne masu ginin tukwane. To ka ce ɗan wane ya zauna gaban maƙera ya ja zugazugi, ko 'yar wane ta taɓa yumɓu, wani uban zai zo har makaranta. A CES ɗin ƙauye kuwa kowa da kowa ne a benci ɗaya, Bahaushe da Bafulatani da Fali da Gidar da Tupuri da Mundang, musulmi da kirista. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Amma ina ganin a nan ne makaranta take da ƙarfin da gida ba shi da shi. Abin da uba ba zai bari ɗansa ya koya a matsayin gado ba, zai iya barinsa ya taɓa a matsayin darasi, tare da sauran yara, a bar wa kowa zaɓi. Masu damuwa da zanen abu mai rai kuma, hankalinsu ya kwanta: adon da muka gada, na hula da faifai da ƙwarya da zayyana da bangon soro, kusan duka layi ne da kusurwa da da'ira.

'Yan mata su ne suka fi tsaya mini a rai. A zamaninmu, ajin da ya fara da 'yan mata masu yawa a siziyam, kafin turwaziyam sai ka ƙirga su da yatsu. Dalilan kowa ya san su. Amma na sha jin iyaye mata suna cewa, "Shekara huɗu tana zuwa lakwal, me ta iya?" Tambaya ce mai nauyi, kuma takardar maki ba ta amsa ta, don Inna ba ta karanta Faransanci. Da yarinyar za ta shigo gida da hular da ta ɗinka ko zanen da ta rina, Inna za ta iya juya shi ta duba ɗinkin ta ce ya yi ko bai yi ba. Karon farko ke nan da za ta zama mai hukunci a kan abin da 'yarta ke koyowa. Kuma kada a ce mata sai lalle da girki. Mace za ta iya riƙe zarto, 'yata ta riƙe, ba abin da ya same ta.

Abin da nake gani zai yiwu ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa ma nake ganin zai yiwu. Laraba da rana tana nan a jadawali, a yawancin makarantun ƙauye ba a yin komai da ita sai in 11 ga Fabrairu ta gabato a fara koyon fareti da rawa don Ranar Matasa. A nemi masu sana'a uku ko huɗu na garin da kewaye. A raba yaran siziyam da sankiyam ƙungiya-ƙungiya, kada su wuce goma gaban mutum ɗaya, don wuƙa da wuta ba sa son cunkoso. Kayan aiki na gida: yumɓu daga bakin mayo (kogi), kaba, kara, waya, guntayen fata. A bi yanayi: ba a fara ba sai an gama girbi da tsintar auduga, a tsaya kafin zafi ya yi tsanani, wato 'yan makonnin sanyi kawai. A nan ma manoman Faransa sun riga mu gane cewa makarantar ƙauye sai ta yi sulhu da gona, su da kansu suka buɗe makarantar farko ta irin wannan a garin Lauzun a 1937, inda yaro ke yin kwanaki a aji ya koma ya yi makonni a gonar ubansa. A bar mai sana'a ya yi magana da harshen da ya iya, Hausa ko Fillanci, kada surbeyan ya tsaya a kansa. Malamin lissafi ko na kimiyya ya zo ya zauna shi ma, gobe in ya shiga aji ya ce, "Kun tuna da zaren nan da aka zagaya?" Kada a ba da maki, don ranar da maki ya shigo, mai kawo tsintsiya biyu zai sake cin 16. Ranar 11 ga Fabrairu a shimfiɗa abin da yara suka yi a kan tabarma iyaye su zo su gani.

Abu ɗaya da ba za mu kwaikwayi Turawa a kansa ba shi ne aikin kyauta. Tsohon nan mai sirdi yana da fansho, ƙarshen wata kuɗinsa na shiga. Kawu in bai ɗinka ba yau, ba cefane. Duk wanda ya ce masu sana'armu su zo su koyar don Allah kawai, bai san rayuwarsu ba, ko kuma yana ƙara nuna musu cewa iliminsu ba shi da farashi. A biya su kuɗin yininsu. A nan ne kuɗinmu na mazauna waje zai yi amfani, kuma abin da na kashe a kan kwalin fenti ɗaya da kuɗin jirginsa da ya biya mutum uku na tsawon sanyi guda har da canji.

Makon jiya na kira Kawu. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da yadda damina ta kasance, na kwashe labarin jakar na faɗa masa, har da tambayar da jikarsa ta yi mini. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, sai da ka je ƙasar Nasara ka san kawunka na da sana'a?"

Na ce, "Na yi laifi, Kawu. Yanzu in an ce ka je makaranta ka koya wa yara, za ka je?"

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce shi ba zai shiga aji ya tsaya gaban allo kamar wanda aka kai ƙara ba. In suna so, su zo rumfarsa, su cire takalmi, su zauna a ƙasa. Kada su wuce shida, don basillarsa shida ce. Fata kuma ni zan saya, ta akuya, jemammiya, daga Marwa, kada in yarda a kawo masa mai wari. Makon farko ba wanda zai taɓa wuƙa, murza zare kawai za su yi da kakin zuma har sai ya ga hannun kowa. Sannan ya tambaye ni ko akwai mata a ciki. Na ce akwai. Ya ce to sai ya yi shawara da Inna, ta zauna a wurin.

Yaya ya ce zai kai maganar taron APEE na gaba, amma kada in sa rai da yawa, don maganar benci ce a gaba. Na riga na tura kuɗin fata biyu.